Tabulet Ɗin Injiniya

Wani magatakarda ne a wani ofis, Allah ya jarrabce shi da son kayan zamani. Agogonsa har takunsa yake ƙirgawa. Fitilar ɗakinsa da tafi take kunnuwa, wani lokaci kuma in ya yi atishawa sai ta mutu. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Injiniya, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Rannan sai ga shi ya shigo rungume da tabulet, irin na'urar nan mai faɗi kamar faranti. Ashe wayarsa ya kai shago aka yi masa musaya.

"Ina wayar taka?" in ji akawu.

"Waya? Ai ni na wuce nan. Ku ne dai kuke ƙanƙance ido a kan allo kamar masu neman allura. Dubi nan. Fuskar mutum da girmanta take fitowa."

"To a ina za ka riƙa sa ta?"

Wannan kam bai yi tunaninsa ba. Ya tura ta aljihun riga, ta ƙi. Ya gwada na wando, ko kusurwarta ba ta shiga ba. Ana tashi daga aiki ya zarce wurin tela.

"Aljihu nake so ka yi mata."

Tela ya auna, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya dube shi. "Yallaɓai, wannan ai ɗaki ne. In sa masa ƙofa?"

Aka yi aljihu. Washegari Injiniya ya fito, riga ta rinjaya gefe guda, yana tafiya a karkace. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya yi masa sannu da jiki.

Wannan duk mai sauƙi ne. Da ya zo sa sim ɗinsa, ya juya tabulet gaba, ya juya baya, babu ramin sim. Irin wadda sai da waifai take aiki ce. Gidansa babu waifai, sai ofis. In yana ofis ana iya kiransa ta intanet. Da ya fita daga get kuwa, ita da katako duk ɗaya.

Ga matarsa cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma na fari ne.

"Maigida, don Allah ka koma ka karɓo wayarka," in ji ta.

"In koma baya? Akawu ya samu abin faɗa? Ke dai kwantar da hankalinki, na tsara komai."

Ranar Asabar babu aiki, amma da sassafe ya sa rigar nan mai ɗaki, ya ɗauki tabulet.

"Ina kuma za ka? Yau fa jikina wani iri nake jin sa."

"Ai shi ya sa zan tafi ofis."

"Ban gane ba."

"Haba, ki yi tunani mana. In na zauna a gida abin ya taso, ta yaya za ki same ni?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ya kai bakin ƙofa.

Ya tarar da ofis a kulle. Ya ari bencin maigadi, ya zauna a gindin tagar da waifai ya saba fin ƙarfi, ya ɗora tabulet a cinya yana jira. Rana ta matso, ya matsa. Ta sake matsowa, ya ɗora tabulet a ka. Can ya sauke ya kunna wani wasa don rage zama.

"Yallaɓai, lafiya dai?" in ji maigadi.

"Lafiya lau. Iyali ce ke kan gwiwa, nake jiran kira."

"A nan?"

"Baba, ba za ka gane ba. Harkar zamani ce."

Maigadi ya ce Allah ya sauke ta lafiya, ya koma inuwarsa.

Har rana ta yi sanyi ko ƙyas. Injiniya ya yi hamma, ya ce, "Ka gani? Shiru ma labari ne. Komai lafiya."

Sai wata 'yar tsohuwar waya ta ɗauki ƙara a aljihun maigadi. Ya kara a kunne, ya ce to, to, sannan ya miƙo masa. "Da kai ake magana. Wai akawu ne ya ba su lambata."

Yayar matarsa ce. "Kana ina? Tun hantsi muke nemanka! Ta sauka, an samu mace!"

"Tun hantsi? Ai ba abin da ya shigo!"

"Au, akwatin waifai ɗin nan mai ƙyafta ido kake jira?" in ji maigadi. "Ai duk Juma'a in an tashi ake kashe shi."

Da gudu ya isa asibiti, aljihu na dukan cinyarsa. Ɗakin cike da 'yan uwa, ga zafi, fanka ta ƙi juyawa. Mai jego na kwance tana gumi, ko kallonsa ba ta yi ba. Kakarta na zaune a gefen gado.

"Ga angon nawa ya iso," in ji kaka. "Sannu da aiki."

Ya ga in bai yi wani abu ba mutuncinsa ya gama zubewa. Ya zaro tabulet.

"Ku dai matsa ku ga hoton da zan ɗauki jaririyar nan. Wallahi babu wayar da za ta iya."

Ya danna, baƙi ƙirin. Ya sake dannawa. Wasan da ya wuni yana yi ya shanye cajin tas.

Kaka ta miƙo hannu. "Kawo in gani."

Ta juya ta, ta jinjina nauyinta, ta kama ta da hannu biyu, ta shiga yi wa mai jego fifita. Mai jego ta lumshe ido, ta yi ajiyar zuciya.

"Kaka! Wannan fa ba…"

"Yi mini shiru, angona, ai ka yi gaskiya, ta fi waya. Wace waya ce za ta ba da iska haka?"