Fitilar Birki Mai Kunya

Zuwa ga mai girma, mai daraja, shugaban kamfanin da ya ƙera jar motar nan mai kujera biyu,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali da ta ma'aikata, ina neman gafara da ban rubuta sunan kamfaninku ba. Ƙarfen da ke ɗauke da sunan ya faɗi cikin wani rami tsakanin Malbaza da garinmu, har yau ba a gan shi ba. Sunana Husna, daga Dogarawa. Bara na fita lakwal, wato makarantar boko, a aji shida. Ban iya magana gaban manya ba, shi ya sa na rubuta, tunda takarda ba ta kallon mutum cikin ido.

Yayana Abdoulaye ne ya sayo motarku daga Kwatano. Mun gode ƙwarai. Ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta ɗaukar akuya, cikinta yana shafar ƙasa duk inda hanya ta yi tudu, amma in ta wuce kowa sai ya waiwaya. Abin da ya kawo ni wata 'yar fitila ce ruwan ɗorawa da ke bayan sitiyari, mai kama da ƙwayar ido. Tun kafin girbi ta kama. Chindo makanike na Konni ya duba, ya ce filaket ne suka cinye, wato abin da ke riƙe ƙafar mota in an taka birki. Ya nema a Konni babu, ya tsallaka iyaka babu, ya aika Sakkwato aka ce a jira.

Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina yaba tarbiyyar da kuka yi wa wannan fitila. Ba ta ɗaga murya, ba ta tsoma baki a sha'anin manya. Haske kawai take yi ta zuba wa mutum ido, kamar yadda aka koya mana mu 'yan mata. Amma ranka ya daɗe, in aka bar ƙofa a buɗe, motarku ihu take kamar an taka mata wutsiya. Ƙofa ta samu mai yi mata kuka, birki kuwa aka bar shi da mai kunya. A ƙasarku ƙofa ta fi rai tsada ne?

Na biyu. Me ya sa kuka yi fitilar daidai yadda salatif zai rufe ta? Ni ina yi wa mata ƙunshi, ina yanka baƙin salatif fure-fure in manna musu a ƙafa kafin in shafa lalle. Ran nan Yaya ya ce in yanka masa fure ɗaya mai kyau. Na ɗauka budurwa ya samu. Sai ya manna shi kan fitilar, ya kaɗe hannu ya ce an gama gyara. Furen ya yi kyau, ba yabon kai ba. Haske yana leƙowa ta tsakanin ganyensa, har abokan Yaya suna tambayar inda ake sayar da irin wannan ado.

Na uku. Yanzu in Yaya ya taka birki ƙarfe ke cin ƙarfe, kamar mahauci na wasa wuƙa. Yaya ya ce haka motocin tsere suke kuka, yaran unguwa kuma suna yi masa tafi. A ƙofar gida tsohon turmin Inna aka kwantar, shi ke ƙarasa tsayar da ita. Turmin ya tsage. Ko kuna da turmi cikin kayan gyaranku?

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni cin tuwo. Da kuka ƙera fitilar, kun zaci in ta kama wani a gida zai yi magana. Ba ku tambayi gidanmu ba. Yaya ɗan fari ne. Inna ko sunansa ba ta faɗa, "wancan" take cewa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Baba ya rasu. Ni ce auta. Sau nawa na tsaya gabansa da maganar a bakina, sai in ji na ce masa sannu da hutawa.

To, yayata Ummusalma ta haihu a Badaguishiri, suna ranar Lahadi. Yaya ya rantse shi zai kai Inna, don dangin miji su gani. Kujera biyu ce, shi da ita. Inna ba za ta iya ce masa a'a ba, har ta wanke zanenta. Akwai gangare kafin a shiga garin. Akwai manyan motocin albasa da na siminti, da jakunan da ba su san darajar motarku ba. Turmi kuma ba ya bin mutum har Badaguishiri. Uwa ɗaya gare ni, ranka ya daɗe, kuma ita ma ba a samun irinta ko a Sakkwato.

Saboda haka ina sanar da ku cikin girmamawa cewa makullin motar ya ɓace. Yana cikin rumbu, ƙarƙashin damman gero, inda ni kaɗai ake ɗagawa in shiga. Inna za ta tafi a taksin kasuwa, tsakanin kaji da buhunan wake, cikin motar da ba ta da fitila ko ɗaya amma tana tsayawa. Roƙona ku aiko da filaket ɗin wurin Chindo, kusa da tasha. Ranar da aka ɗaura su, makulli zai bayyana da ikon Allah. In kuma za ku sake ƙera wata motar, don Allah ku sa mata bakin gwaggo, ba idon auta ba.

Kada ku damu cewa Yaya zai ga wannan wasiƙa. Mutumin da fitila ke ci a gaban hancinsa tun kafin girbi bai karanta ta ba, ba zai zauna karatun shafi guda ba. In kuwa ya tambaye ni makulli, zan yi abin da na koya wurin fitilarku: in zuba masa ido, in yi shiru.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara wa motocinku gudu, ya kuma ba su ikon tsayawa.

Taku mai biyayya, durƙushe har ƙasa,

Husna, autar Inna
Dogarawa