Tsanin da Mai Girma Bai Hau Ba

Jama'a, shekaranjiya da safe na zuro ƙafa daga gado ina laluben silifa, sai na ji ni tsundum cikin ruwa har ƙauri. Silifan kuwa tuni ya yi gaba, na hango shi yana fita ta ƙofa shi da murfin tukunyar gwaza, ko sallama babu. Ban damu da shi ba. Abin da ya tsinka min zuciya muryar matata Akanisi ce daga falo, tana kiran cikakken sunana, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun ranar aurenmu a coci.

Tabarmi ne. 'Yarmu Litiana za ta yi aure wata mai kamawa, kuma kun san ranar shimfiɗa tabarmi a ɗakin amarya ba amaryar dangin ango suke kallo ba, hannun uwarta suke kallo. Akanisi ta fi shekara tana saƙa, har yatsunta suka yi kanta. Da can a kan katakon rufi take ajiye su, don unguwarmu a bakin kogi take, in ruwan sama ya haɗu da cikar teku sai dai Allah ya kyauta. To amma bana an buɗe mana tashar famfo mai janye ruwa zuwa teku, an rantse mana cewa mu da ambaliya sai a labari. Sai baiwar Allah ta sauko da kayanta ƙasa tana ɗinka musu geza.

Kada wani ya ce injiniya ce ta cuce mu. Injiniya Roshni Lal ta zauna da mu a tabarma, ta sha yangona, jiƙon saiwar da muke tarbar baƙi da shi, har harshenta ya mutu, ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu nuna mata inda ruwa ke kaiwa. Muka kai ta bangon coci ta ga shatarsa. Ta zana rami mai zurfi da famfo biyu, da ƙofar da za ta hana teku dawo mana da abin da muka tura mata. Akwatin wutar kuwa, mai maɓallin kunnawa, ta ɗora shi kan wani dogon dandamali da ya fi kowa tsawo a unguwa, aka kafa masa tsanin ƙarfe. Ta ce famfo a ruwa yake rayuwa, amma akwatinsa ko yayyafi ba ya so.

Ana gab da buɗewa sai ga Sarkin Tsare-tsare, mutumin da ke riga Mai Girma Uban Ayyuka zuwa ko'ina don ya duba inda zai zauna da inda zai yi murmushi. Ya ɗaga kai ya dubi tsani, ya sauke ya dubi inda za mu zazzauna a ƙasa kamar yadda aka saba, sai gumi ya karyo masa. Mai Girma dai sulu yake ɗaurawa, zanen maza irin namu, kuma nasa iyakarsa gwiwa. Ga tsani, ga iskar teku, ga matan coci a ƙasa, ga masu ɗaukar hoto.

Peniasi, ɗan kawuna kuma abokin wasana, ya raɗa min cewa a ba Mai Girma aron wando mana. Ashe kunnen Sarkin Tsare-tsare kamar na zomo. Ya ce wannan cin fuskar al'ada ne. Injiniya ta ce to a kafa maɓallin bogi a ƙasa, Mai Girma ya danna, wani ya kunna na gaskiya daga sama. Nan fa mutumin ya miƙe tsaye, ransa a ɓace.

"Mai Girma ba ya danna ƙarya," in ji shi.

Kun ji fa. Ni dai na ji daɗi da na gano akwai wata gaɓa a jikin manyanmu da ba ta taɓa ƙarya, ko da yatsa ce.

Aka sauko da akwatin daidai ƙirjin Mai Girma, wai na ɗan lokaci. Injiniya ta yi magana, ta sake yi, sai aka ga ƙwazonta ya yi yawa a nan, aka yi mata canjin aiki zuwa wani tsibiri inda jirgin ruwa ke zuwa in ya ga dama. Mu fa? Muna zaune. Dattijon unguwa ya yi shiru, kuma wa ya isa ya buɗe baki a gaban kwanon yangona alhali babba bai buɗe ba? Ranar biki Mai Girma ya danna, famfo ya yi gurnani, muka tafa har hannu ya yi ja. Mayar da akwati sama kuwa, aka ce an kafa kwamiti.

Ranar da ruwan ya zo, akwatin ne ya fara nutsewa a duk unguwar, ya riga kajin Peniasi ma. Ni da shi muka kinkimo tabarmi muka nufi dandamalin da aka bari fayau. Muka tarar rabin unguwa na hawa tsanin nan da sulu, har da fasto, iska na kaɗawa, ba wanda ya kalli ƙafar wani.

"Tavale," in ji Peniasi yana haki, wato abokin wasa da yarenmu, "ashe ana hawa a sauko da mutunci."

Na ce ya yi min shiru ya riƙe tabarma.

Ɗaya ce ta tsira, babbar, mai jan geza, wadda aka yi don gadon amarya. Sauran sun sha ruwan da ya biyo ta masai, ko kare ba za a shimfiɗa wa ba. Akanisi ta rungume ɗayan nan ta ce ba komai, da ita kaɗai ma za ta iya ɗaga kai gaban surukai. Wallahi tausayinta ya kama ni har na kasa duban fuskarta.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Jiya Mai Girma ya zo jaje. Ko'ina taɓo, kuma babban baƙo ba ya zama a ƙasa tsirara, kuma busasshiyar tabarma ɗaya ce a unguwar. Ido kawai aka zuba wa Akanisi. Da hannunta ta shimfiɗa. Mai Girma ya zauna, ya sha yangona, ya yaba haƙurinmu, ya ce za a binciki dalilin da ya sa ruwan bana ya wuce ƙa'ida. Da ya tashi, Sarkin Tsare-tsare ya naɗe tabarmar ya sa a mota, don abin da aka shimfiɗa wa babban baƙo nasa ne. Muka tafa.

Akanisi ba ta yi kuka ba. Ta bi motar da kallo har ta sha kwana, sannan ta ce, "Ruwa ma dai ya bar min ɗaya."

Ranka ya daɗe Mai Girma, in wannan shafi ya iso gabanka, ba roƙo nake ba, wane ni. Mai saƙar ce ta ce in gaya maka tabarmar nan ba ta son danshi, a ajiye ta can sama. In ba ku da tsani a gida, muna da wani a nan, sabo fil, an yi shi ne dominka.