Farfesa Gaɓa-Gaɓa da Sabon Inji

Allah Ya yi wa gidanmu baiwa da Kawu, ƙanin Babanmu. Duk dangi shi kaɗai ya san Italiyanci. Bai ɓata lokacinsa wajen neman ma'ana ba, wannan aikin ƙananan ɗalibai ne. Shi furuci ya riƙe. Littafi ɗaya gare shi, jerin aikatau zalla. Kullum da hantsi zai zauna a bakin shagon takalman Baba yana daddatsa su kamar mahauci, kowace gaɓa sai ya tafa mata: "Par-laa-no! Dor-moo-no!" Ma'aikata suka raɗa masa Farfesa Gaɓa-Gaɓa. Ya ɗauka naɗi ne.

"Yaren nan," in ji shi, "Hausa ce ta sa kwat. Han-no, hannu. San-no, sannu. Me ya rage?"

Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Ran nan ƙasa ta samu. Baba ya sayo injin ɗinkin takalma, kamfani ya turo Ba'italiye ya haɗa shi, ya koya wa ma'aikata, yini ɗaya tak. Baba ya ce a nemo tafinta. Kawu ya dafa ƙirji. "Haba Yaya! Ina raye?"

Baƙo ya haɗa inji, ya kunna, ya kashe. Ya nuna ma'aikatanmu huɗu, ya nuna injin, ya dubi Kawu. "Sanno?"

Kawu ya rusuna. "Yauwa, san-no kadai! Si, si!" Ya juyo gare mu. "Kun ga ɗan mutunci? Gaishe ku yake. Sai dai ya ɗan gaggauta gaɓar ƙarshe."

Baƙo ya maimaita. Kawu ya sake amsawa, har da ban gajiya. Mutumin ya washe baki, ya rufe jakarsa, kafin azahar ya kama hanyar jirgi.

Washegari aka kewaye inji, ba wanda ya san inda ake taɓawa. Ni na duba kalmar a waya. Sanno: sun sani. Ashe bawan Allah tambaya yake, sun iya, ko ya tsaya ya koya musu? Kawu kuwa ya ce masa si, wato e.

Ma'aikata suka koma kan basillarsu. Kawu ya gyara zama.

"Amma dai kun shaida, Yaya, ko gaɓa ɗaya ban ci ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Sannu," ya ce.

Wannan kam Farfesa bai amsa ba.