San da Ke Tsallakar da 'Yan Makaranta

A wani gari da babban titi ya raba biyu, gidajen mutane suna gabas, makarantar firamare tana yamma. Tsakaninsu kuwa sai tireloli da tankokin mai da motocin haya, kowa na gudu kamar an biyo shi. A garin akwai Malam Haladu, tsohon hedimasta, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Wasiƙa goma sha ɗaya ya rubuta wa ƙaramar hukuma, kowacce da kwanan wata da kwafi a fayil, yana roƙon a yi tudu a kan titin don rage gudu, ko a kafa allo, ko a turo mai ba da hannu. Ko "mun gani" ba a ce masa ba. Sha ɗaya fa, jama'a, ba ɗaya ba!

Da ya gaji sai ya fito da kansa. Ya ɗaga hannu, direbobi suka ɗaga masa nasu suka wuce. Ya kawo jan ƙyalle, iskar tirela ta tafi da shi. Ya sayi usur, ya busa har haƙoransa suka yi tsami. Ranar da wata tanka ta murƙushe takalmin Hansatu 'yar aji biyu, ƙafarta ta tsira da ƙyar, iyaye suka ce sun haƙura: masu hali za su riƙa loda yara biyar-biyar a kan acaɓa, marasa hali kuma yaransu su zauna a gida.

Ran nan Malam yana tsaye bakin titi yana huci, sai ga san huɗar maƙwabcinsa Tanimu ya tsinke igiya ya hau kwalta. Nan take aka ji ƙiiii! Tirela ta tsaya, tanka ta tsaya, har direban nan mai farar bas da ko gawa ba ya rage wa gudu ya taka birki. Sa ya tsaya tsakiyar titi, ya yi kashinsa a natse, ya wuce. Babu wanda ya yi ko ham.

Washegari Malam Haladu ya ari san. Ya jera yara bibbiyu, ƙanana a gaba, ya riƙe igiya, sa ya shiga titi, yara suka bi gefensa suka tsallaka kamar a tsakar gidansu. Cikin mako guda yaran da ke hawa acaɓa suka ce su ma da ƙafa za su, don a bi sa. Suka raɗa masa suna Monita. Masu makara suka daina, domin Monita ba ya jiran kowa.

A rana ta tara, bakwai da rabi na safe, yara sun jeru ke nan, sai ga farar motar ƙaramar hukuma ta tsaya. Malamin dabbobi ya fito, fayil a hammata, da ƙarti biyu riƙe da igiya. Malam ya sauke tabarau ya dube shi.

"Kai ba Ila ba ne, na gidan Mai Goro? Wanda ya maimaita aji huɗu?"

"Ni ne, Malam. Ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Amsar wasiƙuna ka kawo?"

"A'a Malam, maganar san nan ce. Direbobi sun kai ƙara, an ce in zo in tafi da shi."

"Ka tafi da shi? Me ya yi? Makara ya yi ko rashin kunya?"

Ila ya buɗe fayil, ya gyara murya. "Malam, ka yi haƙuri, amma abin da kake yi ganganci ne. Ka dubi titin nan fa! Ko akuya bai kamata a bari ta tsallaka shi ba, balle babbar dabba irin wannan. In tirela ta ƙwace ta buge shi, wa zai amsa tambaya? Ni za a kira. Jiya ko abinci ban iya ci ba don tunanin bawan Allahn nan."

Ya shafa wuyan Monita cikin tausayi. Ƙartin suka fara zura igiya. Daga tsallake aka ji an kaɗa ƙararrawar farko, wasu ƙananan yaran suka fara kuka.

Malam Haladu ya nuna layin da sandarsa. "To su fa waɗannan?"

Ila ya leƙa, kamar yanzu ya lura da su. "Ai yara ba sashena ba ne, Malam. Wannan sai sashen ilimi."

"Sashen ilimi sun ce sai sashen ayyuka. Sashen ayyuka sun ce titin ba nasu ba ne."

"To ka gani. Ni dabbobi kawai ke ƙarƙashina. Kuma wallahi ba ma wasa da aikinmu. Da a ce garke ne ke tsallaka nan kullum safe da rana, yau ɗin nan zan rubuta a fitar musu da burtali, a kafa allo mai hoto gabas da yamma, a yi tudu biyu. Mako ba zai cika ba sai an yi."

Malam Haladu ya mayar da tabarau, ya bi layin yana ƙirgawa da sanda, kai bayan kai, har ya kai kan na ƙarshe. Sannan ya dawo ya buga yatsa a kan fayil ɗin Ila.

"Fito da biro. Rubuta da kyau, ban da gogewa: maruƙa arba'in da biyu. In ogan naka ya tambayi ƙaho, ka ce sai sun shiga aji shida yake fito musu."