Yadda Ake Kashe Jijjigar Mota Daga Kan Kujerar Ofis

Ɗan'uwa injiniya, an ba ka aikin hana ƙasan sabuwar mota jijjiga, oga kuma ya ce in ta kaɗa haƙoran mutane ranar gwaji, za a karɓe aikin a ba wani. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin motar za ta yi tsit, musamman wadda ke cikin kwamfutarka.

1. Kada ka shiga motar.
Mai shiga mota yakan ji abin da bai shirya ji ba. Zana ta a kwamfuta, ka yanyanka ƙasanta gida-gida kamar raga, ka manna mata faifan roba mai shanye jijjiga. Inda allo ya yi ja, akwai fitina. Yi ta mannawa har ko'ina ya koma shuɗi.

2. Bar zafi yadda ka tarar da shi.
Akwai ɗan gurbi a allon mai tambayar zafin da motar za ta yi aiki a ciki. Za ka ga an riga an sa digiri ashirin, daidai da sanyin ofishinku. Kada ka taɓa. Wanda ya sa ai ba mahaukaci ba ne.

3. Saurari tsohon direban gwaji, amma da kunne ɗaya.
Zai leƙo ya gaya maka robar nan in rana ta dake ta sakewa take yi kamar cingam, ba ta shanye komai. Ka ce Allah ya ƙara girma, Baba, ka juyo masa allon ya ga shuɗi. Zai duba, ya ce shi dai bai taɓa tuƙa allo ba. Yi dariya. Tsofaffi suna son a yi wa zancensu dariya.

4. Nemi gwajin sassafe.
Ajiye motar a inuwa da hannunka, ka ce kana tausayin fenti.

5. In oga ya makara.
Zai makara. Kafin ya iso Baba ya fito da motar tsakiyar fili, ya rufe gilasai, ya bar ta tana gasuwa har azahar, kamar yadda yake yi wa kowace mota. Oga zai zauna a baya da kofin shayinsa. Da an hau titi mai tsakuwa, kai dai ka kalli gaba.

"Injiniya," oga zai ce, murya na karkarwa, "wannan ce shuɗiyar da ka nuna mini a allo?"

Ka amsa a natse cewa lissafi daidai yake, motar ce ba ta bi ba. Baba kuwa taya kawai zai ƙara sawa a rami.

A kula: Mai wannan rubutu ba ruwansa da shayin da ya zube a wandon oga. Haka in oga ya bar maka aikin, amma ya ce daga yau ofishinka shi ne kujerar baya, kullum da tsakar rana, kai da Baba, har robar ta yarda da lissafinka, to, tsakaninku ne. Ka dai tafi da ruwan sha.