Yadda Za Ka Samu Kamarar Marigayi a Araha

Matso nan, kai mai son banza. 'Yan gayun Yamai sun haukace a kan tsofaffin kamarori masu cin fim, irin waɗanda muka watsar da salula ta zo. Bi matakan nan, tabbas za ka samu. Ɗalibina Yazidu ya bi su, har yau ana zancensa a Dakoro.

1. Manta da kasuwa. Dillalan Kornaka sun waye, kowa ya ga farashi a salula. Nemi gidan da tsohon mai hoto ya rasu. Yazidu ya zaɓi gidan marigayi Samba, wanda ya ɗauki rabin garin nan hoton katin ɗan ƙasa.

2. Shiga da ta'aziyya. Ko rasuwar ta daɗe, ba komai. Riƙe goro, sunkuyar da kai. Yazidu bai taɓa ganin Samba ba, amma sai da matar, Inna Zara, ta lallashe shi.

3. Kushe kaya. Da ta ciro kamarar daga adaka, naɗe cikin zane, ya gane mai tsada ce. Sai ya taɓe baki.

"Inna, ai idonta ya yi hazo. Wagga ko yara ba su wasa da ita."

4. Kada ka saurari labari. Tsofaffi da surutu! Ta ce ba ta sayarwa. Samba ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar mutane, ba wanda ya ɗauke shi. Sai a Sallarsa ta ƙarshe ya ba maƙwabci kamarar, aka ɗauke su tare. Hoton yana ciki, tana jiran mai zuwa Yamai ya wanko mata. Kai dai gyaɗa kai, kana duba madaurin.

5. Buɗe ko'ina. Mai saye na gari ba ya yarda da abin da bai gani ba. Yazidu ɗan zamanin salula ne, a saninsa hoto ana duba shi nan take. Ta juya ɗebo masa ruwa, ya ɓalle murfin baya, ya zaro fim ɗin, ya ɗaga shi a tsakar rana.

"Inna, an cuce ki. Babu kowa ciki."

Matar mai hoto ce, ta san rana na ƙone fim ɗin da ba a wanke ba. Ta ajiye kwanon ruwan.

"Da akwai," ta ce. "Tahi da ita, ɗana. Ba ni da sauran abin tsaro."

6. Karɓa. Kyauta fa! Ko ni malaminsa ban taɓa yin irin wannan ciniki ba.

Gargaɗi: Idan 'yan Yamai suka yi ta kira ka kasa ɗagawa, ka naɗe kamarar cikin zanenta, ka koma zagaye ta bayan masallaci don kada ka bi ƙofar gidan nan, babu ruwana. Ni araha na yi maka alkawari, ban ce za ka iya sayarwa ba.