Rasuwar Magulmaciya, Mai Auna Zurfin Tafki

Da zuciya cike da baƙin ciki, da yatsu biyu a ɗaure, mai awon gaɓar tafki yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar na'urarsa ta auna zurfin ruwa, wadda masunta suka laƙaba wa suna Magulmaciya, don duk abin da ruwa ya rufe sai ta tona. Ba a ce bayan gajeruwar rashin lafiya ba. Kashe ta aka yi, da rana tsaka, a gaban jama'a.

Marigayiyar ta yi rayuwarta a maƙale a gefen kwalekwale, kai a cikin ruwa. Ba ta taɓa neman komai ba sai batir. In ƙasa na kusa, sai ta ce "ƙit, ƙit, ƙit" a natse. In ƙasa ta yi nisa, sai ta ja "tiiii". Mai awo kuma ya zana a taswira: nan tudu, nan kwari, nan ruwa zai kai in ya cika. Aibinta guda ne, ba ta san a sassauta magana ba.

Ajali ya kira ta ne ranar da aiki ya biyo da su ta bayan gidan da aka haifi mai awo, inda yayansa masunci yake zaune da tsohuwarsu. Ɗakin tsohuwa shi ne na ƙarshe, daf da ruwa. Suna isowa marigayiyar ta saki kukan da mai awo bai taɓa ji ba a kusa da gaɓa. Ya koma, ya sake bi. Ba ta canza magana ba: ruwa ya cinye gaɓar ta ƙasa, ɗakin a kan ɓawo yake zaune. Mai awo ya fito ya kafa turke mai jan fenti a bayan ɗakin, kamar yadda ake yi a wurin haɗari.

To, a unguwar nan jan fenti ma'anarsa ɗaya, rusau. Yayan ya zo da gorar da yake tura jirgi, ya caka a bakin ruwa, ta taɓa ƙasa iya ƙirji, ya ɗaga wa mutane su gani. Gora ba ta ƙarya, amma inda hannu ya kai nan take tsayawa, ramin kuwa yana gaba kaɗan. Kafin mai awo ya gama wannan bayani an ce boko ya sa zai sayar da gidan ubansa.

Yayan ne ya fara, da filafilin tuƙa jirgi. Dukan farko ya tarwatsa mata gilashi. Wani ya fizge wayoyinta kamar mai cire hanjin kifi, wani ya bi ta da dutsen ɗaure jirgi. Mai awo ya kwanta a kanta, filafilin bai tsaya ba, nan yatsun suka karye, bakinsa ya cika da jini da yashi. Suka ja shi ta ƙafa, suka tattake ta cikin laka. Da abin ya lafa ta ce "ƙit" sau ɗaya, rai ya yi halinsa. Mai awo ya yi kuka, kuma ba na yatsu ba ne.

Ta rasu ta bar batir ɗaya, da akwatinta mai soso, da ƙanenta madubin awo mai ƙafa uku, da taswirar da ta tsaya a daidai bayan ɗakin tsohuwa. Tsohuwar kuwa har yanzu a nan take kwana, ta ce ba za ta zaɓi ɗaya cikin 'ya'yanta ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi, a wurin da aka tumɓuke jan turken. Ba a buƙatar mai haƙa kabari, don jiya ƙasar wurin ta tsage da kanta, har hannu na shiga. Ana gayyatar Yaya ya zo da gorarsa ya zura a ciki. Masu ta'aziyya kada su kawo abinci, su taho da ƙarfinsu kawai. Gadon tsohuwa na ƙarfe ne, mai yatsu takwas ba zai iya fito da shi shi kaɗai ba.